Uwar hoto da almakashi: labarin akwati uku na yaƙin Sifaniya

Hirarmu ta yau ta tarihi ce, a kan wani ɗan siririn abu da yawancinku kun taɓa riƙewa, wataƙila ma kun yar da shi. Can da, in ka kai wa mai hoto fim ya wanke maka, yakan haɗo maka da waɗansu ƴan falle masu duhu cikin ambulan, masu huda gefe da gefe. In ka ɗaga su wajen haske sai ka ga baƙin mutum ya koma fari, farar riga ta koma baƙa. Faransawa suna ce wa abin nan kilishe, kada wani ya zaci kilishin nama ne. Mu a hirar nan uwar hoto za mu riƙa ce masa, gama daga jikinsa ake haifo hoton takarda, ko ɗaya kake so ko dubu. In hoton takarda ya yage, uwa tana nan, sai a wanke wani. In uwa ta lalace, shi ke nan.

Shi fim ɗin nan tun asalinsa da yanka aka samo shi. Wajen shekara ta 1892, a Amurka, wani ma'aikacin Edison mai suna Dickson yana neman fim da zai yi sinima da shi. Kamfanin Eastman, mai Kodak, yana yin wani fim mai faɗin milimita 70. Sai Dickson ya tsaga shi biyu a tsawonsa, ya sami milimita 35, ya huda gefunansa don haƙoran na'ura su riƙa jan shi. Kowane hoto na sinima huda huɗu yake ci.

Bayan kamar shekara ashirin, a garin Wetzlar na Jamus, akwai wani gwanin ƙira, Oskar Barnack, yana aiki a kamfanin Leitz mai yin madubin da likitoci ke duba ƙwayoyin cuta da shi. Mutumin yana son ɗaukar hoto, amma yana da ciwon fuka. Kamarar zamanin kuwa akwati ce mai ƙafa uku, irin wadda tsofaffinmu suka sani a bakin kasuwa, mai hoto ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle. Barnack ba shi iya hawan tudu da wannan kaya. Tsakanin 1913 da 1914 ya ƙera wata ƴar kamara mai shiga aljihu, ya sa mata fim ɗin sinima, amma ya kwantar da shi, ya haɗa gurbin hoto biyu ya zama ɗaya: milimita 24 a tsaye, 36 a kwance, huda takwas. Yaƙin duniya na farko ya tsai da aikin. Sai a 1925 aka fito da ita kasuwa a birnin Leipzig, da sunan Leica, wato Laika a faɗe.

A 1932 aka ƙara mata abin da ya ba irin waɗannan kamarori sunansu, shi ne ma'aunin nisa. A shekarar nan kuma kamfanin Zeiss Ikon na Dresden ya fito da kishiyarta, Contax. To, mi ake nufi da ma'aunin nisa? Ka miƙa hannunka, ka tsai da babban yatsa. Rufe idon dama ka duba, sa'an nan ka rufe na hagu. Ka ga yatsan ya yi tsalle? Da bambancin nan na ido biyu ne mutum yake gane nisan abu. Ita ma kamarar tana da ƴan tagogi biyu a goshinta. Mai hoto in ya leƙa sai ya ga abu ɗaya ya zama biyu. Yana murɗa gilashin kamara, sifofin biyu suna matsowa, har su hau kan juna. Sun hau, awo ya yi daidai, sai ya danna. Ba nauyi, ba ƙara, ba lulluɓi. Mutum ya iya shiga taro, ko kasuwa, ko ramin soja, ya yi hoto 36 ba tare da ya buɗe kamara ba.

Amma ku lura da abu guda. Mai irin wannan kamara ta taga yake leƙe, hoto kuwa ta gilashi yake shiga. Abin da idonsa ya gani da abin da ya faɗa kan fim sukan ɗan saɓa, balle in abin yana kusa. Har yakan yiwu ya manta marfi a bakin gilashi, ya yi ta dannawa, shi yana ganin duniya sarai, fim kuwa bai ga kome ba. Saboda haka ba a sanin abin da aka kamo sai an wanke fim, an rataye shi ya bushe. Nan za ka ga zare guda mai tsawon kamar mita ɗaya da rabi da ƴan kai, hoto na bin hoto, kamar yadda kalma ke bin kalma a layin rubutu. Wanda ya iya karatunsa zai gane inda mai hoto ya fara, da inda ya matsa kusa, da inda ya juya baya, da abin da ya faru kafin babban hoton da bayansa.

Zare mai tsawo haka ba shi ajiyuwa da sauƙi, don haka ake yanka shi. Al'adar masu sana'ar ita ce a yanka shida shida, falle shida ke nan, a jera su kan takardar hoto guda, a danne da gilashi, a haska. Sai dukan 36 su fito ƙanana a shafi ɗaya, a zaɓi wanda za a ƙara wa girma. Yankan kuwa yana son natsuwa. Daga hoto zuwa hoto milimita 38 ne, hoton ya cinye 36, abin da ya rage wa bakin almakashi milimita 2 kacal. A kamara mai awon nisa, in an sa gilashi mai kwaso fili da yawa, gindinsa yana shiga can kusa da fim, haske ya kurɗa ƙarƙashin bakin gurbi, tazarar ta ƙara tsukewa. In kuma hoton dare ne, duhu a jikin uwa fari yake fitowa, tazarar ma fara ce, ba ka ganin iyaka. Dabarar masu hankali a nan ita ce ƙirga huda: takwas, takwas.

Akwai wani yanka kuma wanda ya fi wannan ɓarna. A shekarun 1930 jaridu suna gaggawa, masu hoto sukan cire hoto guda daga tsakiyar zare su aika, ko su ware shi don sun ga ya fi sauran kyau. Mashahurin mai hoton nan na Faransa, Henri Cartier-Bresson, gab da yaƙin duniya na biyu ya bi finafinansa na farko da almakashi, ya tsame waɗanda ya yarda da su ɗaya ɗaya, ya zubar da saura. Hotunan da ya bari kyawawa ne ƙwarai. Amma ni dai a ganina ya yi wa masu tarihi rowa, kamar wanda ya yage kalmomi masu daɗi daga wasiƙa ya ƙone sauran takardar.

Yanzu mu zo ga mutum uku da labarinmu ya rataya a kansu. Dukansu Yahudawa ne matasa da suka sami mafaka a Paris, dukansu kuma sun sake suna. Na farko Endre Friedmann, haifaffen Budafes a 1913. Shi da abokiyarsa Gerta Pohorylle, wadda aka haifa a Jamus a 1910, sun ga ba a sayen hotunan baƙo matalauci da daraja. A 1936 suka ƙago wani Ba'amurke wai shi Robert Capa, suka riƙa sai da hotuna da sunansa a kan kuɗi mai tsoka. Asiri ya tonu, amma suna ya bi shi. Ku ɗalibai, harafin c a sunan nan k ake faɗinsa, don haka Kapa za mu rubuta. Ita kuma ta koma Gerda Taro. Na ukunsu Dawid Szymin ne, mutumin Warso ta Polan, haifaffen 1911, wanda aka sani da Shim.

A watan Yuli na 1936 sojoji, Janar Faranko yana cikin manyansu, suka yi wa gwamnatin jamhuriyar Sifaniya tawaye. Hitila da Musolini suka ba su jiragen sama da mayaƙa. Yaƙin basasa ya ci har Afrilu 1939, Faranko ya yi nasara. Su ukun nan suka shiga ƙasar da ƙananan kamarorinsu, a ɓangaren jamhuriya, ba su ɓoye wanda suke so ba. Hotunansu suna fitowa a jaridun Regards da Vu da Ce Soir na Faransa, da Life ta Amurka. Taro ba ta ga ƙarshen yaƙin ba. A fagen Brunete, yamma da Madrid, sojojin jamhuriya suna ja da baya, tana tsaye a matakin wata mota, tankar yaƙi ta buge su. Ta rasu ran 26 ga Yuli 1937. Aka yi jana'izarta a Paris ran 1 ga Agusta, ranar da za ta cika shekara 27.

A ɗakin aikin Kapa na Paris akwai wani abokinsa na ƙuruciya, Imre Wais, shi ke wanke masa hotuna. Aka sami ƴan akwatunan kwali uku. Biyu an yi musu gida gida a ciki, kamar ramukan dara, kowane naɗin fim da gidansa. A cikin marfin kuma an ja layuka daidai da gidajen, an rubuta da hannu sunan gari ko na mutum ko na fagen fama. Na ukun ya ƙunshi guntayen fim yankakku cikin ambulan. Rubutun nan na cikin marfi kada ku raina shi. Ba don shi ba, da mutanen da suka buɗe akwatunan bayan shekara sittin da wani abu sun sha wuyar gane ina ne nan, wane ne wannan.

A watan Oktoba 1939 Kapa ya bar Paris zuwa Amurka, ya bar kome a hannun Wais. Abin da ya biyo baya Wais ne da kansa ya ba da labarinsa, cikin wata wasiƙa da ya rubuta wa ƙanen Kapa a 1975. Ya ce da Jamusawa suka doso Paris, ya zuba finafinan a jakar goyo, ya hau keke ya nufi Bordo, tafiyar da ta kai kamar daga Yamai zuwa Tawa, yana neman jirgin ruwan da zai kai su Meziko. A kan titi ya gamu da wani mutumin ƙasar Cile, ya roƙe shi ya kai kayan ofishin jakadancin ƙasarsu a adana. Shi Wais daga baya aka tsare shi a wani sansani a Maroko. Akwatunan kuwa suka shiga cikin kayan Janar Francisco Aguilar González, jakadan Meziko wajen gwamnatin Bishi ta Faransa a 1941 da 1942. Da ya koma gida ya tafi da su.

Kapa ya taka nakiya a Biyetnam ran 25 ga Mayu 1954. Shim kuma aka harbe shi kusa da mashigin Suwez a watan Nuwamba 1956. Ƙanen Kapa, Kornel, shi ma mai hoto ne, ya kafa wata cibiyar adana hotuna a Niyu Yok a 1974, bai kuwa daina cigiyar kayan wansa ba. Tun a 1970 wani mai bincike, Carlos Serrano, ya gano littattafai takwas a gidan ajiyar takardun tarihi na Faransa, an manna ƙananan hotuna kamar 2,500 na yaƙin Sifaniya a cikinsu. Ga ƴaƴa an gani, ina iyaye? Sai a 1995 labari ya fito cewa akwatunan suna birnin Meziko, a hannun wani mai shirya sinima da ya gaje su. Aka yi shekara goma sha biyu ana kai da kawowa. Wata mata mai shirya fim, Trisha Ziff, ta shiga tsakani, a watan Disamba 2007 ta kai su Niyu Yok da hannunta. Aka ƙirga: naɗi 126, hotuna kamar 4,500. Kusan kashi uku suka rabu tsakanin Kapa da Taro da Shim, da waɗansu kaɗan na abokinsu Fred Stein.

To, ga kaya sun zo, yaya za a gan su? A zamanin nan ana kwashe uwar hoto a zuba cikin kwamfuta da wata na'ura da ake kira sikana. Tana haska fim ta baya, ta bi shi layi layi, tana auna duhu da hasken kowane ɗigo, ta mai da shi lamba. Kwamfuta ta juya baƙi ya koma fari, hoto ya fito. Hoton farko da aka taɓa kwashewa a kwamfuta, a Amurka a 1957, ɗigo 176 ne a tsaye, 176 a kwance. Sikana mai kyau ta fim tana iya fid da ɗigo sama da miliyan 20 daga gurbin nan na Barnack da bai fi kan sarki biyu girma ba. Amma yawancin na'urorin nan falle suke karɓa, mai hoto shida ko ƙasa da haka, a miƙe sambal. Wato hanya mai sauƙi ita ce a ɗauko almakashi.

Masu kula da kayan suka ƙi. Dalilinsu na farko jikin fim ɗin ne. Da nitirat aka yi shi, irin fim ɗin da aka daina yi wajen 1950 saboda haɗarinsa: in ya tsufa cikin zafi da laima yakan narke ya manne, in ya kama wuta kuwa ko ruwa ba shi kashe ta. An yi sa'a birnin Meziko yana kan tudu, sama da mita 2,200, iskarsa da sanyi da bushewa, finafinan suka iso lafiya. Amma abin da ya yi kusan shekara saba'in a naɗe ba shi yarda a miƙe shi da ƙarfi. Dalili na biyu shi ne wanda muka faɗa tun ɗazu: zaren da kansa shaida ne. Sai aka nemi gwanayen gidan tarihin hoto na George Eastman da ke garin Rochester, suka ƙera wani abin riƙo na musamman. Ana warware naɗi kaɗan kaɗan, abin ya riƙe wurin da ake so a shimfiɗe ba tare da ya ƙuje shi ba, haske a baya, kamarar zamani a gaba, a ɗauka, a matsa gaba. Haka aka bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, aka ɗauko har da gefuna da huda. Gefe kuwa ba banza ba ne. A nan kamfanin fim yake buga sunansa da lambar kowane hoto, a nan kuma bakin gurbin kowace kamara yake barin nasa tabo, kamar yadda kowa yake da nasa zanen yatsa.

Mi aka samu da aka bar zaren a haɗe? Ku ji misali guda. Akwai wani hoton Shim da ya zaga duniya: mace cikin taro, tana shayar da ɗanta, ta ɗaga kai tana duban sama. A 1937 an buga shi a bangon wani littafi, aka haɗa shi da hoton jiragen yaƙi a bisa kanta. Duk wanda ya gani sai ya ce uwa ce tana tsoron bam. Zaren fim ɗin yana cikin akwatunan. Hotunan gabansa da na bayansa taron manoma ne a lardin Estiremadura, kusa da Badahos, ana maganar rabon gonaki, a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu 1936. Yaƙi bai ma fara ba. Mai jawabi take kallo a kan dandamali.

Ita ma Taro ta sami haƙƙinta. Da farko da wata kamara take aiki, mai fid da hoto murabba'i, don haka nata ba shi ɓoyuwa. Amma daga 1937 ta koma Leica, hotunanta suka zama sifa ɗaya da na Kapa, waɗansu ma da hatimin su biyu aka sayar. Bayan rasuwarta da yawa aka jingina wa Kapa, don shi ne mai suna. Da aka gwama naɗin nan da rubutun marfi da littattafai takwas na Paris da tsofaffin jaridu, aka iya ware aikinta: gawarwaki a asibitin Balensiya bayan ruwan bam na Mayu 1937, da fagen Segobiya, da Brunete inda ta ƙare. Na Kapa kuma ga yaƙin Teruwel cikin ƙanƙara, ga sansanonin bakin teku a kudancin Faransa inda aka tsare ƴan gudun hijira a 1939, bayan kusan mutum rabin miliyan sun ƙetare duwatsu cikin hunturu.

Abin da kowa ya fara nema kuwa ba ya ciki. Shi ne hoton Kapa na sojan da ke faɗuwa da baya, bindiga na suɓuce masa, wanda Vu ta buga ran 23 ga Satumba 1936. An daɗe ana gardama a kansa: harsashi ne ya same shi da gaske, ko ko shiri ne aka yi wa kamara? A 2009 wani malamin jami'a na Sifaniya, José Manuel Susperregui, ya gwada sifar tuddan da ke bayan sojan, ya nuna a Espejo aka ɗauke shi, kamar kilomita 50 daga Cerro Muriano inda aka daɗe ana cewa. Uwar hoton ta ɓace, jerin da ta fito ciki ya watse. Da zaren yana nan a haɗe, da an duba hoton da ke bin sa, an ga ko mutumin ya tashi ko bai tashi ba.

Ku da kuke da irin ƴan fallen nan a ƙasan adaka ko cikin gwangwani, na suna ko na aure ko na katin ɗan ƙasa, kada ku ba yara su yi wasa da su, kada kuma ku datse su ɗaya ɗaya. Ku riƙe su ta gefe, don tabon yatsa ba shi fita. Ku sa su cikin takarda mai tsabta, nesa da rana da laimar damina, ku rubuta a bayan ambulan wane ne, ina ne, wace shekara. Wanda bai iya ba tukuna ya sa ɗan lakwal ya rubuta masa. In za a kwashe su a kwamfuta, a fara hure ƙura, gama ƙwayar ƙurar hunturu guda in an ƙara wa hoto girma sai ta rufe idon mutum, dabarar da sikana ke share ƙura da ita kuwa ba ta aiki a fim baƙi da fari. In an gama kwashewa ku karɓi abinku ku mai da shi ma'ajiyarsa.

A watan Satumba 2010 aka buɗe nunin hotunan a Niyu Yok, aka kuma buga su duka cikin littafi mai juzu'i biyu, kowane naɗi a jere yadda yake, har da giɓin hotunan da aka yanke tun zamanin yaƙi. A 2011 nunin ya je Arles ta Faransa, daga nan ya shiga Sifaniya. Kornel ya ga isowar akwatunan, amma bai ga nunin ba: ya rasu a watan Mayu 2008, yana da shekara 90. Shi kuwa Wais, mai keke, ya fita daga sansanin Maroko ya isa Meziko a 1942, ya auri mai zanen nan Leonora Carrington, ya zauna a birnin Meziko sauran rayuwarsa, gari ɗaya da akwatunan. Ya rasu a watan Janairu 2007, wata goma sha ɗaya kafin a ɗauke su zuwa Niyu Yok.